Ɗan Jamus da Darbejiyar Alhaji Sale

Ba zan taɓa mantawa da aikin gayyar da muka yi a ƙofar gidan Alhaji Sale ba, kuma ko ni na manta, mutanen unguwar Limawa suna nan da ransu, za su tuna mini ba tare da na roƙe su ba.

Lokacin ba a daɗe da yanko mana jiha daga Kano ba. An wayi gari an ce Dutse ce hedikwata, aka kwaso mu ma'aikata da teburanmu aka jibge a garin da bai gayyace mu ba. Dutse kuwa a lokacin duwatsu ne da dabino da mutanen kirki, amma gidan haya sai dai ka ji labarinsa. Manyan daraktoci ma a ofis suke kwana, balle ni ƙaramin akawu. Ni da abokin aikina Ɗanlami wani tsohon shagon tela muka samu a bakin hanya, muka shimfiɗa tabarmi, shi yana minshari ni ina kashe sauro. Ranar Juma'a ana idar da salla kowa ya ruga tasha sai Kano, Litinin da sassafe a dawo ana hamma.

Damuwata ita ce Hauwa, maiɗakina. Aurenmu bai shekara ba, ga ciki ya fara fitowa, ga miji na Asabar da Lahadi. Wata rana ina ɗaure jaka zan koma, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni fa ba baƙo na aura ba. Ko dai ka samo mana ɗaki a Dutsen nan kafin in sauka, ko ɗanka ya tashi yana ce maka kawu." Da dariya ta faɗa, amma na san matata, maganar har zuci take.

Ana nan sai labari ya zo cewa ɗan hayan da ke sashen waje na gidan Alhaji Sale a Limawa ya tashi. Ciki da falo ne, da ɗan tsakar gida, da wata ƙofa da ta haɗa shi da cikin gidan Alhajin inda rijiya take. Ni na fara ji, na yi wautar faɗa wa Ɗanlami (shi ma yana da mata da 'ya'ya a Kano, amma a lokacin ban ga abin da ya shafe ni da wannan ba). Washegari na je gaida Alhaji, na tarar da Ɗanlami a tsugune a gabansa yana tambayarsa ya ciwon ƙafa.

Alhaji Sale dattijo ne mai sanyin magana, tsohon ɗan kasuwar dabino, kullum yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa da rediyo a kunne. Ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, ni ba kuɗi nake dubawa ba. Maƙwabci nake nema, wanda in abu ya taso a unguwa za a gan shi. Ku ba ni lokaci." Daga ranar muka zama mutanen kirki na dole. Na mayar da sallar magariba masallacin unguwarsu, sahun gaba, daidai inda zai gan ni (Allah Ya yafe mini niyyar waɗannan sallolin). Ɗanlami kuwa har rige-rigen ɗaukar butar Alhaji yake yi da jikokin gidan. Mu dawo shago mu ci abinci kwano ɗaya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa addu'ar canjin wurin aiki a zuci.

Sai ga hadarin farkon damina. Wata Alhamis da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso irin wadda ke sa a yi ta kiran salla ba lokacinta ba. Kafin magariba ta yaye rufin gidaje, ta karya turakun wuta, ta tumɓuke bishiyoyi. Tsohuwar darbejiyar Alhaji ta kwanta ta tare layin gaba ɗaya, saiwoyinta a sama da tulin ƙasa manne a jikinsu, a ƙarƙashinsu ga wani wawakeken rami. Ko mai keke sai ya zagaya ta bayan unguwa. Mai unguwa ya sa aka yi shela: ranar Asabar gayya, kowa ya fito da gatarinsa da addarsa.

Na ce a raina, abin nema ya samu. Gatari kowa yana da shi, ni sai na zo da abin da zai sa a buɗe baki. A siton ofishinmu akwai wani kwali da ya daɗe a lungu, ciki injin yankan itace ne sabo dal, ja, ɗan madaidaici, ba a taɓa ko zuba masa mai ba. Na yi wa mai kula da sito magiya har ya gaji ya ba ni aro. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Duk ilimina a kan inji bai wuce tayar da babur ɗin yayana ba. Amma akwai ɗan littafi a kwalin, da Jamusanci aka rubuta shi, na kalli hotunan na gyaɗa kai. Na aika wa Hauwa saƙo ta bakin wani mai tafiya Kano cewa wannan makon ba zan zo ba, amma ta fara ɗaure kaya, gida ya samu an gama.

Ɗanlami ya ɓace tun Juma'a da rana. Na ɗauka Kano ya tafi, har na yi masa addu'ar Allah Ya kiyaye hanya da zuciya ɗaya, abin da na daɗe ban yi ba.

Ranar Asabar da hantsi na iso Limawa cikin farar shadda mai guga da hula zanna (aikin itace fa za a yi, amma ni ba aiki ya kai ni ba, na je ne a gan ni). Inji a kafaɗa, ina tafe ina ɗaga wa mutane hannu. Waɗanda suka fara sare ƙananan rassa suka dakata suna kallo. Ban gama shan wannan daɗin ba sai ga akori-kura ta tsaya a bakin layi, Ɗanlami ya diro daga baya, aka taya shi sauke wani abu mai nauyi. Ashe garin Taura ya je wurin kawunsa mai yankan katako. Injin da ya aro tsoho ne tukuf, ya yi baƙi da mai, harshensa ya kai tsawon hannuna duka, an ɗaure mariƙinsa da waya da robar tayar keke.

Ya dire shi kusa da nawa, ya sunkuya ya leƙa ya ce, "A'a, Malam, wannan na yankan itace ne ko na fiƙe fensir?"

Na ce, "Ɗan Jamus ne. Ko kwalinsa ya fi wannan gawar taka daraja."

Ya ce, "To ai Jamusawan ma suna da yara, dole su yi musu abin wasa. Wannan da kake gani tun kana firamare yake cin maɗaci."

Na ce, "Shi ya sa haƙoransa suka zube. Ɗan hakin da ka raina dai ka san sauran."

Kafin ka ce kwabo masu gatari sun jingine gaturansu sun kewaye mu. Unguwa ta rabu biyu. Dattawa suka bi na Ɗanlami, wai abin da ya daɗe yana aiki shi ne mai albarka. Samari suka bi nawa saboda ja ne. Wani ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan ya yanke hukunci cewa nauyi shi ne ƙarfi. Wani ya ce a'a, ai kunama ba ta da nauyi. Liman ma da ya zo wucewa sai da ya tsaya ya tambayi wanne ya fi shan mai. Ni da Ɗanlami muna ta zuba bayani kamar mu muka ƙera su, alhali in da za a ce mu nuna inda ake zuba baƙin mai da sai mu kalli juna. Rana ta take, darbejiya tana kwance ba wanda ya ƙara taɓa ta.

Aka ce a tayar da su a ji murya. Na ja igiyar nawa har kafaɗata ta yi ƙara, shiru. Na sake ja, shiru. Can gwiwata ta bugi wani ɗan maɓalli bisa kuskure, ja na gaba sai ga shi ya kama, na gyara fuska kamar da gangan na yi. Na Ɗanlami sai da ƙarti suka danne shi a ƙasa shi kuma ya ja da hannu biyu. Da ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, wani jariri a maƙwabta ya tsala kuka. Dattawa suka ce, "Ka ji maza!"

Ana cikin haka abincin gayya ya fito daga cikin gida. Kowa ya san ƙa'ida, wanda aka yi wa gayya shi ke ciyarwa, kuma Hajiya Yalwa, matar Alhaji, ba ta wasa da sunanta a wannan fannin. Dambu ne a manyan tasoshi, da wani ƙaton masaki cike da fura da nono an rufe da faifai. Aka rasa inda za a ajiye, ga awaki, ga rana, ga dusar itace za ta tashi. Nan na hango wata damar nuna basira. Na nuna ramin da ke ƙarƙashin saiwoyin nan na ce, "Alhaji, ga wuri Allah Ya yi mana. Ga inuwa, ga sanyi, kuma akuya ba za ta shiga ba." Alhaji ya leƙa ya ce, "Ka ga amfanin boko." Aka jera abinci a ramin. Shi da kansa ya miƙa rediyonsa, ko kashe shi bai yi ba, ya ce a ajiye masa a can kada ƙura ta shige shi. Na saci kallon Ɗanlami, ya ɓata rai kamar wanda aka fizge wa nama a baki.

Mai unguwa ya gaji ya ce surutu ya isa haka, gangar jikin bishiyar ce ta gagari gatari, duk mai inji ya raba ta da rassanta a ga ƙarshen gardama. Ɗanlami ya ce babba shi ke farawa. Ya kafa injinsa daidai inda rassa suka rabu ya danna. Gaskiya ya ci itace, dusa tana ta feshi, dattawa suna kabbara. Yana kai wa rabi sai itacen ya matse harshen injin, ya yi tari ya mutu. Ɗanlami ya ja, ya girgiza, ya sa ƙafa ya tokare, ko motsi. Zufa ta wanke shi sharkaf.

Ni kuwa, Allah Ya sani, daɗin da na ji ko ranar ɗaurin aurena ban ji irinsa ba. Na ce, "A ɗan matsa wa yaro ya gwada abin wasansa." Da a ƙasa na tsaya kamar kowa, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma a ƙasa wa zai gan ni? Na tattare shadda, na haye gangar bishiyar na zauna kamar mai hawan jaki, bayana ga saiwoyi, fuskata ga rassa, na kafa injina a gabana, kaɗan kafin inda na Ɗanlami ya maƙale.

Ɗan Jamus bai ba ni kunya ba, wannan kam zan shaide shi har gobe. Shiga itacen yake kamar wuƙa a kabewa. Samari suna tafi suna ihu, "Akawu! Akawu!" Na ɗago kai na tabbatar Alhaji yana kallo. Har na fara tunanin bangon da zan jingina gadon Hauwa a jikinsa.

Sai na ji ƙas! Rassa suka zube can gaba. Abin da ba wanda ya kawo a ransa a cikinmu, da mai boko da mai gatari da mai rawani, shi ne nauyin rassan nan ne kaɗai ya danne bishiyar a ƙasa. Saiwoyin da tulin ƙasar da ke jikinsu jira kawai suke su koma inda suka fito. Na ji abin da nake zaune a kai yana motsi. Na ga kawunan mutane suna yin ƙasa. Na yi jifa da inji, na ƙanƙame itacen hannu da ƙafa, na ƙwala salati da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Darbejiya ta miƙe tsaye ƙyam, ta koma raminta dim, har ƙasa ta girgiza. Dambu, fura, masaki, tasoshi, rediyo, duk ta rufe su ruf.

Ga ni can sama, hula ta tafi, shadda ta sarƙe a wani guntun reshe ta tattaru a hammatana. Na ce to, aƙalla ina da rai. Sai na buɗe ido, na ga ashe na fi katangar gidan Alhaji tsawo.

A garin da ko mai hawan dabino sai ya ɗaga murya ya yi sanarwa mata sun shige ɗaki kafin ya taka kututture, ga ni ƙato guda a sama ba sallama, tsakar gidan mutane a buɗe a gabana tar. Hajiya Yalwa ta gama wahalar girki, ta zauna a tabarma wata maƙwabciya tana yi mata tsifa. Kai ba ɗankwali, rabi da tsohon kitso, rabi a tsefe ya miƙe sama da furfurarsa. Ta ɗago don ta ga abin da ya girgiza ƙasa, muka haɗa ido.

Mai hankali zai kau da kai. Mai rabin hankali zai rufe ido. Ni kuwa tarbiyyar da iyayena suka yi mini ta gaida manya ce ta taso a lokacin da ba wanda ya neme ta, sai na ji bakina ya ce, "Hajiya, barka da rana. Ya aiki?"

Hajiya ta zabga salati. Mai tsifa ta rarumi ƙwarya ta kifa mata a ka. Sauran matan gidan suka yi ta kansu, wannan ta bangaje wancan. Ina jin Hajiya daga ƙarƙashin ƙwarya tana cewa, "Wane mara mutuncin ne wannan a sama? Alhaji! Alhaji! Ka zo ka ga abin da aka ɗora mana a kan katanga!" Daga ƙasa kuma maza suna ta daka mini tsawa, wannan ya ce in rufe ido, wancan ya ce in juya baya (in juya da me, hannun da zan saki in faɗo?). Can na ji muryar Alhaji, a sanyaye kamar kullum, ya ce, "Ɗana, in kun gama gaisawa da iyalin, sai ka sauko."

Na ce, "Alhaji, wallahi ba na iya sauka."

Aka bazama neman tsani. To iska ta yaye rufin rabin unguwa, duk wani tsani yana can jingine da gidan wani ana gyara. Haka na zauna manne da itace, ido a rufe gam, rana tana gasa mini ƙeya. A cikin wannan jiran ne aka fara jin wata 'yar murya tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Rediyon Alhaji ne, yana nan yana ta karanta gaishe-gaishe a tsakanin dambu da fura. Wani ya ce, "Alhaji, rediyonka dai da sauran kwana." Wanda ya fara fashewa da dariya ban gan shi ba, amma na san muryar liman.

Da tsani ya iso, Ɗanlami ne ya riƙe mini. Ina taka ƙasa ya karkaɗe mini kafaɗa ya ce a hankali, "Gaskiya ɗan Jamus ya yi ƙoƙari." Na tsinci injin a cikin kwata harshensa ya lanƙwashe, na tsinci hula, na sulale. Daga baya na ji yadda aka ƙarasa. Da gatari aka sassare rassan, da yunwa, ba wanda ya sa ko loma a baki. Ɗanlami ya karɓi gatari yana ta sara har la'asar, ba don Allah ba, so yake ya ciro injin kawunsa kafin kashinsa ya bushe. Amma duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ɗanlami, Allah Ya yi albarka."

Bayan kwana biyu na tattara ɗan sauran mutuncina na koma. Na tarar da Alhaji a zaure, tunda inuwar ƙofar gida ta ƙare. Na tsuguna na fara ba da haƙuri ya katse ni. Ya ce, "Zauna, ɗana. Hanya dai ta buɗe, kuma kai ka buɗe ta, wannan ba mai musu. Rediyo na yafe. Fura rabon ƙasa ce. Ni in don tawa ce, kai zan ba sashen nan, don na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba." Har zuciyata ta fara kwanciya. Ya ci gaba, "Amma ka san rijiya ɗaya ce, ƙofa ɗaya ce. Hajiya ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba namijin da ya taɓa ganin kanta a tsefe, ni kaina sai dai labari. Ta ce da shiru ka yi, da ta ce ƙaddara ce. Gaisuwar ce ba za ta iya yafewa ba." A nan na gane duk sahun gaban da na yi ta shiga, ba a gaban mai yanke hukuncin na yi shi ba. Kafin mako ya ƙare Ɗanlami ya naɗe tabarmarsa ya bar mini shago.

Ranar Juma'a na isa Kano, labari ya riga ni (motar farko da ta tashi ban hau ba, amma abokan aikina sun hau, kuma ba su da wata hira). Na tarar da ɗakin Hauwa an ɗaure komai, tukwane a buhu, kwanuka a kwali, har labule ta cire. Ta sa ni na maimaita mata gaisuwar da muryar da na yi ta, ta yi dariya har tana riƙe ciki. Da dariyar ta ƙare sai ta tsuguna da ƙyar ta fara kwance igiyar kayan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi duk dariyar da Limawa ta yi mini ba ta yi mini ciwo kamar kwance igiyar nan ba. A Kano ta haihu, tsakiyar mako, ina Dutse. Sai washegari wani direban mota ya leƙo shago ya yi mini barka.

Mutane sukan ce darasin shi ne ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni ba wannan na koya ba, don Ɗanlami bai fi ni sanin komai ba. Abin da na koya shi ne, in kai da wani wawa kuna gasa a gaban jama'a, ka roƙi Allah naka injin ya riga mutuwa. Wanda ya kasa, sannu aka yi masa aka ba shi gida. Ni da na iya, tsani aka kawo mini.